Wai Saka Manhajar Kirak Sata Ce? Fashin Baƙi Kan Haƙƙin Mallaka, Fatent Da Satar Fasaha A Duniyar Kwamfuta

Tambayar da ake ta kai ruwa rana a kanta ita ce, mutum ya sayi kwamfuta da kuɗinsa, ya ɗora mata Windows ko Office ko Photoshop da aka fasa wa makulli, wato abinda ake kira kirak, shin ɓarawo ne ko ba ɓarawo ba ne? Wani zai ce maka ɓarawo ne ƙarara, bambancinsa da mai haura katanga kawai shi bai fita da dare ba. Wani ya ce ina, ai ba abinda ya ɓace, kamfanin na nan da manhajarsa ko harafi ɗaya bai ragu ba, to me aka sata? Sai na uku ya shigo ya ce dukkanku ɓata lokaci kuke, ku koma Linux, wato manhajar sarrafa kwamfuta ta kyauta da ake sawa a madadin Windows, a huta. Kafin ka ankara wani ya jefo zancen fatent, wani ya kawo na masu sauke fim da waƙa, an cakuɗa komai, kowa na magana kan abu daban amma da kalma ɗaya tal, sata.

Ni wannan kalmar ce ke damuna, dan ta rufe abubuwa da yawa da ya kamata a gansu a fili. In aka warware su ɗaya bayan ɗaya zaka ga akwai wanda ya kwafi kayan mutane kuma ya san ya kwafa, akwai kuma wanda bai taɓa ganin aikin kowa ba amma doka ta ce ya biya miliyoyi, kuma su biyun ana kiransu da suna ɗaya.

Abu uku ne aka zuba a buhu ɗaya

Na farko shi ne haƙƙin mallaka. Shi wannan rubutun da ka rubuta da kanka yake karewa, littafi ne ko waƙa ko hoto ko kod ɗin manhaja, wato rubutattun umarnin da aka gina ta da su, kuma baya buƙatar ka je ko'ina yin rajista, da zarar ka rubuta ya zama naka, haka tsarin yake a ƙasashen da suke cikin yarjejeniyar Bern wadda ta faro tun 1886. Amma ka lura da kyau, rubutun yake karewa ba dabarar ba. In ka rubuta manhajar lissafin albashi, ni ma na zauna na rubuta tawa daga tushe ban leƙa taka ba, ko da aikinsu iri ɗaya ne sak ba abinda zaka iya yi min. Sai fa in na ɗebi kod ɗinka na liƙa a tawa, ko na kwafi manhajar ɗungurungum ina rarrabawa.

Tsawon wa'adinsa kuma abin dubawa ne. Dokar farko da aka yi a Ingila a 1710 shekara 14 kacal ta ba marubuci, in yana raye ya ƙara 14. Yanzu a Amurka da Tarayyar Turai sai marubuci ya mutu an ƙara shekara 70, in kuma aikin kamfani ne a Amurka shekara 95 daga ranar da aka fitar. Kenan Windows 95 ba zata zama ta kowa da kowa ba sai bayan 2090, lokacin da ko kwamfutar da zata iya kunna ta sai a gidan tarihi.

Na biyu shi ne fatent, wato takardar da gwamnati ke ba wanda ya ƙirƙiro wata sabuwar hanyar yin abu. Shi sai ka nema, ka biya, an duba, sannan a baka shekara 20 daga ranar da ka shigar da takarda, ba mai amfani da wannan hanyar sai da izininka, kai kuma a madadin haka ka bayyana wa duniya yadda abin yake aiki dan in wa'adi ya ƙare kowa ya amfana. Ga inda gizo ke saƙa: fatent ba ruwansa da ko ka kwafa ko baka kwafa ba. Ka zauna a ɗakinka ka gano dabarar da ƙwaƙwalwarka, baka taɓa jin sunan mai fatent ɗin ba, duk da haka ka taka doka.

Na uku lasisi, wannan dogon rubutun da yake fitowa lokacin da kake saka manhaja, wanda kusan ba mai karantawa, sai dai a danna an yarda a wuce. A cikinsa ne kamfani yake gaya maka ba sayar maka da manhajar aka yi ba, izinin amfani aka baka bisa sharaɗi.

Daga ina rigimar ta samo asali

A farkon zamanin kwamfuta manhaja ba haja ba ce, injin ake saya manhaja ta biyo shi, masu sha'awar abin kuma suna musayar kod tsakaninsu kamar yadda ɗalibai ke aron littafin juna. A watan Fabrairun 1976 ne Bill Gates, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Microsoft, yana ɗan shekara 20, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu wasa da ƙaramar kwamfutar Altair, yana kukan cewa waɗanda suka sayi manhajarsa ta BASIC basu kai kashi 10 cikin 100 na masu injin ba, kuma in aka raba abinda suka samu da lokacin da suka ɓata bai kai dala 2 a awa ba. Ya kira abin da sunan sata kai tsaye. Gaskiya in ka cire sunan Gates ka sa na wani matashi da ba a sani ba, kukan nasa kuka ne na gaskiya, mutum ya kwana yana rubutu wasu su kwashe a banza.

Doka ta biyo bayansa. A 1980 majalisar Amurka ta gyara dokar haƙƙin mallaka ta sa manhaja a ciki ƙarara, a 1983 kotu ta ba Apple gaskiya kan kamfanin Franklin da ya kwafi kod ɗin Apple II ya sa a nasa injin, a 1994 kuma yarjejeniyar cinikayya ta TRIPS ta wajabta wa duk ƙasar da ke cikin Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya ta kare manhaja kamar yadda take kare littafi.

A ɗaya gefen kuma akwai Richard Stallman, wanda ya ga wannan rufe kod ɗin a matsayin raba mutum da ikon injinsa. A 1983 ya sanar da aikin GNU na haɗa manhajar sarrafa kwamfuta da kod ɗinta yake a buɗe ga kowa, a 1989 ya fito da lasisin GPL, wanda ya ce ka yi amfani, ka duba kod, ka gyara, ka rarraba, sharaɗi ɗaya ne, in ka rarraba abinda ka gyara to kai ma ka bar shi a buɗe. A 1991 wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara Linux, daga baya ya sa ta ƙarƙashin wannan lasisi. Wani abu da mutane da yawa basu gane ba shi ne GPL ɗin nan a kan haƙƙin mallaka ta jingina. In babu dokar, ba yadda za'a tilasta wa babban kamfani ya buɗe abinda ya ɗiba. Kenan masu buɗaɗɗiyar manhaja ba 'yan kirak ba ne, hasali ma su ne suka fi kowa kula da sharaɗin lasisi.

Kwaikwayo daban, kwafi daban

Da a ce kotuna sun yarda a mallaki kamannin abu da kwamfutar tebur bata zama yadda take yau ba. A 1988 Apple ta kai Microsoft kotu tana cewa Windows ta kwaikwayi tagogi da gumakan da ake dannawa na Macintosh, alhali ita kanta Apple a cibiyar binciken Xerox ta ga irin wannan tsari lokacin da Steve Jobs ya je can a 1979. Apple ta sha kaye a 1994. Kamfanin Lotus ma ya kai Borland dan ya yi amfani da jerin umarni irin na manhajarsa ta lissafi, kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 1995 jerin umarni hanyar sarrafa abu ne, ba a mallakarsa. Mafi tsawo ita ce ta Oracle da Google, an fara 2010, sai Afrilun 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke da alƙalai 6 kan 2 cewa layukan kod kusan 11,500 na Java da Google ta ɗauka dan masu rubuta manhaja su yi aiki da abinda suka saba a Android amfani ne da doka ta halatta. Saboda irin waɗannan hukunce-hukuncen ne LibreOffice, manhajar kyauta mai yin irin aikin Office, take iya buɗe maka fayil ɗin Word ba tare da an rufe ta ba.

Fatent a kan manhaja, inda na fi ganin zalunci

Dalilin fatent a asalinsa mai kyau ne. Ka ɗauki magani, kamfani zai shafe sama da shekara 10 yana gwaji yana zuba maƙudan kuɗi, in ranar da ya fito wani zai kwaikwaya a arha ba mai sake shiga wannan wahala. To amma manhaja fa? Manhaja lissafi ce da jerin matakai, in kaza ya faru yi kaza, kuma tun 1972 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ba a ba da fatent kan tsurar lissafi. Sai a 1981 aka samu kafa, wata shari'a kan injin gasa roba da kwamfuta ke lissafa masa lokacin buɗewa, kotu ta ce wannan ya halatta tunda aikin masana'anta ne. Daga wannan 'yar kafar lauyoyi suka yi ta faɗaɗawa, a 1998 wata kotun ɗaukaka ƙara ta yarda har da dabarun kasuwanci, shi kenan ƙofa ta buɗe wangale.

Ka ji irin abinda ya biyo baya. A 1999 Amazon ta samu fatent kan sayen kaya da dannawa ɗaya, wato shafin ya tuna adireshinka da katinka ba sai ka sake rubutawa ba, ta kai Barnes & Noble kotu a kai, Apple kuma ta biya ta karɓi izini, abin bai ƙare ba sai 2017. Dan Allah wane mai rubuta manhaja ne in ka bashi wannan matsalar ba zai gano wannan maganin ba? Ga kuma labarin GIF, hotunan nan da suka cika intanet. An fito da tsarin a 1987, kowa ya runguma, sai ƙarshen 1994 aka sanar cewa hanyar matse hoton tana ƙarƙashin fatent ɗin kamfanin Unisys, masu manhajar da ke yin GIF sai sun biya. Haushin wannan ne ya sa wasu 'yan sa kai suka haɗu suka ƙirƙiro PNG. MP3 ma haka, shekara da shekaru wasu nau'o'in Linux irin su Fedora basa zuwa da abin kunna MP3, ba dan sun kasa rubutawa ba, rubutawar ba wuya, tsoron kotu ne, sai da wa'adin fatent ɗin ya zo ƙarshe suka sa.

Shekara 20 a harkar kwamfuta ai zamani ne guda. Kuma manhaja ɗaya tana ɗauke da dubban ƙananan dabaru, ofishin fatent na Amurka kuma yana fitar da sama da 300,000 a shekara a duk fannoni, an rubuta su da yaren lauyoyi mai harshen damo, to ta ina mai rubuta kod shi kaɗai zai bi ya tabbatar bai taka ko ɗaya ba? Ba zai yiwu ba wallahi. Manyan kamfanoni su sun samu mafita, kowa ya tara dubbai, in ka kai ni kotu na kai ka, sai a zauna a yi musaya a tashi lafiya. Ƙaramin da bashi da ko ɗaya shi ne a tsakiyar fili.

Sannan aka samu wata sana'a, kamfanonin da basa ƙera komai basa sayar da komai, fatent kawai suke tarawa su yi kwanton ɓauna, sai sun ga wani ya yi nasara su aiko da takardar lauya. Wani irinsu mai suna NTP ya sa kamfanin Kanada mai BlackBerry ya biya dala miliyan 612.5 a 2006, dan kotu na dab da dakatar da aikin wayar a Amurka, a daidai lokacin da ofishin fatent ɗin kansa yake sake duba takardun yana watsi da su. Mafi yawan waɗanda ake aika wa irin wannan takarda basa zuwa kotu, sun san kuɗin shari'a ya fi kuɗin sulhu, sai su biya ko da suna da gaskiya.

Kar a ce na ɓoye hujjar ɗaya ɓangaren, suna da ita. Wani ƙaramin kamfani, Stac Electronics, yana da manhajar matse bayanai a faifai, sun tattauna da Microsoft ciniki bai faɗa ba, sai ga irin aikin ya bayyana a cikin MS-DOS, manhajar sarrafa kwamfuta ta Microsoft. Fatent ne ya cece su, a 1994 kotu ta ce a biya su dala miliyan 120. Masu goyon bayan fatent suna cewa ba dan shi ba da giwa ta take su ba wanda ya ji. Na yarda da wannan. Amma shi Gates ɗin da kansa, a wata takarda da ya rubuta wa ma'aikatansa a 1991, ya ce da mutanen farko sun san yadda za'a riƙa ba da fatent sun karɓa a kan dabarunsu, da masana'antar ta tsaya cak. A 2007 kuma kamfanin nasa ya ce buɗaɗɗun manhajoji sun taka masa fatent 235, bai kuma lissafa su ɗaya bayan ɗaya ba balle a gyara ko a ƙalubalanta. Sai 2018 ya sauya hanya ya shiga ƙungiyar Open Invention Network mai kare Linux daga ƙarar fatent, ya ce ba zai yi amfani da fatent ɗinsa kusan 60,000 a kan Linux ba.

Turai bata bi Amurka gaba ɗaya ba. Yarjejeniyar fatent ta Turai ta 1973 ta cire manhaja a karan kanta, kuma da aka kawo ƙudurin da masu adawa suka ga zai halatta ta, Majalisar Turai ta yi fatali da shi a Yulin 2005 da ƙuri'a 648 kan 14, duk da dai ofishin fatent na Turai yana ba da ita in aka nuna tana warware wata matsala ta fasaha. A Amurka ma Kotun Ƙoli ta ja birki a 2014 a shari'ar Alice, ta ce ka ɗauko tsohuwar dabara ka ce a yi ta da kwamfuta bai isa ƙirƙira ba, fatent da yawa sun faɗi bayan wannan.

To sata ce ko ba sata ba

Mu dawo kan mai kirak. A fuskar doka sunan laifinsa keta haƙƙin mallaka, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta taɓa cewa a 1985 wannan ba daidai yake da sata ta ɗauke kaya ba, dan mai abu bai rasa abinsa ba. Masu cewa ba abinda ya ɓace a nan suka tsaya. Suna kuma da gaskiya kan alƙaluman asara da kamfanoni ke fitarwa, inda ake lissafa duk kwafin da aka sauke kamar ciniki ne da aka rasa, alhali yawancin masu kirak in aka ce sai sun biya haƙura zasu yi. Ofishin binciken gwamnatin Amurka, GAO, ya faɗa a rahotonsa na 2010 cewa wasu manyan alƙaluman da ake ta yawo da su ba a iya gano tushensu ba. Hukuncin ma wani lokacin ya wuce hankali, dokar Amurka ta yarda a ci mutum tarar har dala 150,000 kan aiki ɗaya in da gangan ne, a 2007 an yanke wa wata mata a jihar Minesota dala 222,000 kan waƙoƙi 24.

Amma ba sata ba ce baya nufin ba cuta ba ce. Abinda ya ɓace ba fayil ba ne, ladan aikin ne. Kuma manyan kamfanoni ba su ne suke jin zafin ba, su suna samun kuɗinsu daga gwamnatoci da bankuna da masu ƙera kwamfuta da ke biya tun daga masana'anta. Mai jin zafin shi ne mutum ɗaya ko biyu da suka shekara suna haɗa wata 'yar manhaja ko wasan kwamfuta, suka sa mata ɗan kuɗi kaɗan, washegari an fasa an baza, masu shafin da aka ɗora kuma suna cin kuɗin talla a kai, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ga masu tambaya ta fuskar addini kuma, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwet a 1988 ta ce haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba.

Wa kirak yake yi wa aiki

Wannan ne wurin da na fi so mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Mai saka Windows ta kirak yana ganin kamar ya ci kamfanin da yaƙi. A 1998 Gates yana magana a Jami'ar Washinton kan yadda mutane a Chana basa biyan kuɗin manhaja, ya ce tunda dai sata zasu yi to gara su saci tasu, zasu saba har su kasa bari, daga baya a san yadda za'a karɓi kuɗin. Bai ɓoye ba. Yaron da ya koyi zane a Photoshop ta kirak, ranar da ya samu aiki a kamfani Photoshop zai ce a saya masa, makarantar da ta koyar da Word kaɗai ta yaye ɗaliban da basu san akwai wani abu ba, fayil ɗin da kowa ke aiko maka na Office ne dole kai ma ka nemi Office. Da tsalle ɗaya ake faɗawa rijiya, fitowa ce aiki.

Wanda kirak ya kashe wa kasuwa shi ne LibreOffice da GIMP da Linux da duk wata manhaja mai araha, dan babbar hujjarsu ita ce sauƙin kuɗi, to in mai tsadar ma ana samunta a banza me zai sa mutum ya wahalar da kansa da koyon sabuwa? Ga alƙaluman StatCounter na 2024, Windows na da sama da kashi 70 na kwamfutocin tebur, Linux kuma a shekarar ne ta fara haura kashi 4, ita da take riƙe da yawancin sabobin intanet, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafuka, kuma Android a kanta aka gina. Ba kirak kaɗai ya jawo haka ba, akwai zuwan Windows a cikin injin tun daga shago, akwai wasu manhajojin aiki da basa gudu a Linux, akwai sabo. Birnin Munik na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya mayar da kwamfutoci kusan 15,000, a 2017 majalisar birnin ta ce a koma Windows, har yau ana gardama ko matsalar fasaha ce ko ta siyasa. A 2024 kuma jihar Schleswig-Holstein ta sanar zata mayar da nata kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux.

Makullin da ya fi cutar mai biya

Maganin da kamfanoni suka kawo shi ne makulli a cikin kayan, a 1998 kuma Amurka ta yi dokar DMCA da ta mayar da fasa makullin laifi ko da abin naka ne ka saya. A 1999 wani matashi ɗan Nowe, Jon Johansen, yana cikin waɗanda suka fitar da manhajar buɗe faifan DVD, abinda ya ba masu Linux damar kallon faifan da suka saya da kuɗinsu, aka gurfanar da shi, kotu ta wanke shi har sau biyu a 2003. A 2005 aka gano faifan waƙoƙin Sony BMG suna cusa wata ɓoyayyiyar manhaja a Windows ba da sanin mai kwamfuta ba, ta kuma buɗe ƙofar da masu bairos suka bi. Wa abin ya shafa? Wanda ya je ya saya. Mai kwafin sata ko a jikinsa.

Yanzu ma salon ya sake. Tun 2013 Adobe ta daina fitar da sabbin manhajojinta a sayar maka sau ɗaya, sai biyan wata-wata, ranar da ka daina biya ta rufe. A 2019 ta sanar zata rufe asusun duk masu amfani da ita a Benezuwela saboda takunkumin Amurka, har da waɗanda suke biya, sai daga baya ta samu izini ta fasa. Kotun Turai ta ce a 2012 in ka sayi lasisi na dindindin kana da ikon sayar da shi ga wani, wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka kuma ta ce a 2010 ba haka ba, tunda lasisi ne ba saye ba. To in komai ya koma haya ai ko wannan gardamar ma bata taso ba. Shi ya sa matasa da yawa ke cewa in saye ba mallaka ba ne to kwafi ma ba sata ba ce. Na fahimci fushin, kuma rabin farko na maganar gaskiya ne, sai dai rabin ƙarshen ba kan Adobe yake sauka ba, kan ƙaramin nan da na ambata yake sauka.

Me ya shafi mai kwamfuta a gida

Banza bata kai zomo kasuwa. Wanda ya ɓata lokaci ya fasa manhaja ya ɗora maka kyauta, sau da yawa akwai abinda yake nema, kuma umarnin farko da zaka gani shi ne ka kashe antibairos ka ba fayil ɗin cikakken iko a kan injin. Ta wannan hanyar ake shigo da masu kwashe kalmomin sirri da ke ajiye a burawuza, da masu amfani da injinka suna haƙar kuɗin kirifto, da masu kulle fayiloli su nemi fansa. In kwamfutar da kake shiga banki ko imel ɗin aiki da ita ce, abinda ka sa a caca ya fi kuɗin manhajar nesa ba kusa ba. In kuma sana'a kake da ita, kamfanoni sun fi bin masu kasuwanci da ofisoshi da shari'a fiye da mutum a ɗakinsa.

Kuɗin fatent kuwa kana biyansa baka sani ba, yana cikin farashin duk na'urar da ke kunna bidiyo, yana kuma cikin manhajojin da ba a taɓa rubutawa ba dan mai rubutawar ya ji tsoro.

Ga kuma wanda yake gaban mutane yanzu, Microsoft ta daina ba Windows 10 tallafi na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da sabon firosesa, kenan akwai ɗimbin injuna masu lafiya ƙalau da ba zasu hau ba. Mai irin wannan injin ko ya sayi sabo, ko ya shiga shirin ƙarin wa'adin tsaro wanda shi ma na ɗan lokaci ne, ko ya zauna ba sabuntawa yana kallon ramukan tsaro na taruwa, ko ya ɗora Linux. In aikinka rubutu ne da lissafi da shiga intanet da kallon bidiyo, Linux Mint ko Ubuntu da LibreOffice da VLC zasu ɗauke ka, ana ma iya kunna su daga filas a gwada ba tare da an goge komai ba. In kuwa abincinka na kan AutoCAD ko manhajojin Adobe ne, su basa gudu a Linux kai tsaye, sai ka fara gwada irin su FreeCAD ko Krita ko Inkscape a kan Windows ɗin da kake kai, ka ga ko fayilolin da abokan aikinka ke aiko maka suna buɗewa daidai kafin ka taɓa komai.